Kuɗin ma'aikatan kyamara: awa nawa ce "rana ɗaya"?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Shekarata biyu ina mataimaki na biyu a sashen kyamara: ni ke buga allon da ake nuna wa kyamara kafin kowace ɗauka, ni ke sa wa 'yan wasa alama a ƙasa, ni ke kula da batir da katin da kyamara ke ajiye hoto a kai. Yanzu an kira ni wani shiri mai dogon zango, ɗauka ta kwana 24. Sun ce ni zan ja fokas, wato in riƙa juya lens don hoton ɗan wasa ya fito tar, kuma in an tashi da daddare in kwashe abin da ke kan kati in zuba a faifan ajiya, don ba su ɗauki mai wannan aikin ba. Kuɗin da suka faɗa shi ne dai wanda nake karɓa a matsayin na biyu, sun ɗora wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba. Ina son aikin, don wannan ne karon farko da za a sa sunana a matsayin mataimaki na ɗaya. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya ake auna bambancin kuɗi tsakanin matakan nan?

Auwal Fokas: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo kan nawa ne, ka tambaye su awa nawa ce ranar?

Nura: Ban tambaya ba, Yaya Auwal. Kuɗin rana kawai aka ce.

Auwal Fokas: To nan ake cin mu. Ɗauki biro. In kuɗin rana na awa 10 ne aka riƙe ka awa 16, abin da kake samu a kowace awa ya faɗo zuwa kashi 62 da ɗoriya cikin ɗari. Fiye da sulusin kuɗinka ya tafi, kuma babu wanda ya ce maka "na rage maka". Sannan ga kwashe kati bayan an tashi. Kowa ya tafi ya kwanta, kai kana zaune gaban kwamfuta kana kallon layi yana tafiya a hankali. Da asuba kuma kai ne na farko a wurin don haɗa kyamara.

Malam Habu: Ɗana Nura, bari in jera maka yadda tsanin yake, don na hau shi tun daga ƙasa. A sama akwai shugaban ɗaukar hoto, wanda haske da launi da zaɓen lens duk a wuyansa suke, shi ke zama da darakta tun kafin a fara. Ƙarƙashinsa mai riƙe kyamara. Sai mataimaki na ɗaya, mai jan fokas, wanda kuma shi ne mai kula da lafiyar kayan gaba ɗaya. Sai na biyu, inda kake yanzu. Sai ɗan koyo. Mai kula da kati da launin hoto a wurin ɗauka shi a gefe yake, kuma a manyan ayyuka kuɗinsa ba ya nesa da na mataimaki na ɗaya, wani wurin ma ya fi. Kowace matakala da kuɗinta, kuma ba shekarun mutum ake biya ba, girman ɓarnar da za a yi in ya yi kuskure ake biya. In ka rubuta lambar sin, wato fitowar da ake ɗauka, ba daidai ba a allo, edita zai yi tsaki ya gyara. In fokas ya kuɓuce maka a lokacin da jaruma ta zubar da hawayen da ba za ta iya maimaitawa ba, babu gyara.

Auwal Fokas: Allah ya saka da alheri, Malam. Mutane suna ɗauka juya ƙarfe ne kawai. Sa lens mai milimita 85 a kyamara mai babban sensa, ka buɗe ƙofar haskensa sosai zuwa 1.4, ɗan wasa yana tsaye mita biyu daga gare ka. Wurin da zai fito tar bai kai santimita biyar ba, faɗin yatsu uku. In ya ɗan sunkuyo yana magana, idonsa ya fita, kunnensa ya shiga. Kuma ba ya sanar da kai zai sunkuyo. Sai ka karanci kafaɗarsa da numfashinsa, hannunka ya riga shi motsawa. Na yi shekara huɗu kafin hannuna ya daina jiran idona. Wannan ne ake so Nura ya yi da kuɗin mai buga allo, bayan ya kwana rabin dare yana kwashe kati.

Hajiya Balaraba: Ku bari in sa baki a matsayina na furodusa, tunda na ga ana shirin yanke mana hukunci ba a ji ta bakinmu ba. Kasafin fim ba roba ba ne da za a ja ya miƙe. Mai saye ko tashar talabijin sun riga sun ce ga abin da za su bayar a kan kowane kashi. Daga ciki za a biya 'yan wasa, wurin ɗauka, motoci, masauki, janareta, edita, mai sauti. In na ƙara mutum ɗaya a sashen kyamara na kwana 24, dole in cire daga wani wuri. Kuma gaskiya, yaron da aka ba damar hawa mataki ya samu wani abu da ba kuɗi ba. Sunansa zai fito. Mu ma da haka muka fara.

Zainab Mai Kati: Hajiya, da girmamawa, a kan sunan na yarda, amma a kan katin ban yarda ba. Ni sana'ata ke nan. Kwashe kati ba jan fayil a ajiye ba ne. Ana kwafa ne aƙalla wuri biyu daban, da manhajar da ke tantance cewa kowane fayil ya sauka daidai da na asali, sannan a buɗe a duba da ido, sannan a rubuta rahoto, sai a ba da izinin goge katin. Mutumin da ya yi awa 14 a tsaye ba zai yi wannan da hankalinsa ba. Na taɓa zuwa ceton wani aiki, ba zan faɗi na waye ba. Mataimakin kyamara ne aka ɗora wa katin kamar yadda ake son yi wa Nura. Ƙarfe biyun dare ya ɗauki katin da bai kwashe ba ya mayar cikin kyamara ya goge, yana zaton ɗayan ne. Ɗaukar yini guda ta tafi, da taron mutane kusan ɗari da aka haɗa don sin ɗin biki. Da na iso na same shi zaune a bayan mota, katin a tafin hannunsa, yana jujjuya shi kamar zai dawo da abin da ke ciki. Kuɗin sake ɗaukar wannan yini ya ninka abin da za su biya ni na aikin gaba ɗaya. Shi kuma yaron ba a sake kiransa ba.

Hajiya Balaraba: Wannan na ji, kuma abin tausayi ne. Ni ban taɓa haɗa wa mutum fokas da kati ba. Amma batun awa, ku ma ku dubi Allah. Sau nawa ake makara saboda sashen kyamara na canza haske sau uku?

Malam Habu: Hajiya, ana yi, ba zan musa ba. Amma shi ya sa kuɗin ƙarin lokaci yake da amfani har ga furodusa. In kowace awa bayan ta goma tana da farashi, darakta zai zo da jerin shot ɗinsa a rubuce, ni ma zan rage kwalliyar da ba dole ba, ɗan wasan da ke zuwa a makare za a samu mai yi masa magana. Lokacin da ba a biya ba kowa ke wasa da shi.

Yakubu: Sannunku. Ni ina aiki a Ingila, bari in faɗa muku yadda ake yi a nan, ba don in ce ya fi ba, don dai a ga tsarin. Ƙungiyar ma'aikata ita ce Bectu, ta furodusoshi masu zaman kansu kuma Pact. Suna da yarjejeniya a kan wasannin kwaikwayo na talabijin, an kasa ayyukan mataki huɗu gwargwadon abin da ake kashewa a kan kowace awa ɗaya ta shirin. Manyan finafinai da kasafinsu ya kai fam miliyan 30 suna da tasu yarjejeniyar daban. Sashen kyamara na ƙungiyar yana fitar da takardar farashi, kowane matsayi da abin da ake shawartar ya karɓa a kowane matakin kasafi. Wato abin da Hajiya ke faɗa an yi la'akari da shi: mai jan fokas a ƙaramin shiri ba ya karɓar na babban shiri. Amma ko a ƙaramin, ranar tana da iyaka. A talabijin abin da aka saba shi ne awa 10 ta aiki da awa ɗaya ta cin abinci, kuma dokar ƙasa ta ba ma'aikaci hutun awa 11 tsakanin tashi da dawowa.

Sadiq: To Yakubu, ku kuna da doka da ƙungiya. Inda babu fa? Takardar farashi ba ta tsare komai in akwai mutum goma a bayanka da za su karɓi rabi. Ni ina ganin duk wannan magana ce kawai. Kasuwa ce ke yanke farashi. Wanda ya iya aiki zai faɗi kuɗinsa a ba shi.

Yakubu: Ko a nan takardar shawara ce, ba doka ba. Amfaninta shi ne sabon shiga ya san inda ƙasa take. Da Nura yana da irinta da bai zo yana tambaya ba.

Auwal Fokas: Sadiq, kai kana faɗin kuɗinka a ba ka ne saboda kana da Steadicam, na'urar da ake ɗaurawa a jiki don kyamara ta daina girgiza, kuma masu ita ba su da yawa. Mai buga allo ba shi da wannan bakin.

Sadiq: Ai ba daga sama ta faɗo min ba. Riga da hannun ƙarfe da duk tarkacen na saya da bashi, bayana kuma shi ke biyan sauran. Amma tunda ka tabo, ga abin da ya fi ci min rai: a haɗa kuɗin mutum da kuɗin kayansa a dunƙule. "Kai da kyamararka nawa?" A'a. Ni daban, kayana daban. Lissafina mai sauƙi ne. Na ɗauka kyamara za ta yi shekara uku kafin masu aiki su fara neman wadda ta fi ta. In ana hayarta kwana 60 a shekara, kwana 180 ke nan. Kuɗin saye da gyara da inshora sai a raba su gida 180, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin hayar rana, kafin a zo maganar riba. Wanda ya bayar da kayansa kyauta don a ɗauke shi aiki, jarinsa yake ci yana ganin kamar albashi ne.

Malam Habu: Wannan ya fara yawa ne tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008. Kafin nan kyamarar fim ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, daga kamfanin haya ake ɗaukowa, don haka kowa ya san hayar kaya layinta daban a kasafi. Da kyamara mai kyau ta yi araha, sai aka fara ɗaukar mutum saboda abin da ke jakarsa. Alheri ne ta wani gefen, yara da yawa sun samu shiga. Amma daga nan ne mutum ɗaya ya zama shugaban ɗaukar hoto, ya zama mai riƙe kyamara, ya zama mai fokas, ya zama kamfanin haya, duk da kuɗin mutum ɗaya.

Nura: Malam, ni ba ni da kyamara, amma na'urar jan fokas daga nesa tawa ce, da ƙaramar monita. Sun ce in zo da su.

Sadiq: To ka rubuta musu hayarsu a layi daban, ko kaɗan ne. Kuma ka tambaya in ta faɗi ta fashe a wurin aiki wa zai biya.

Yakubu: Zan koma kan maganar awa, don ba batun kuɗi kaɗai ba ce. A Amurka a 1997 wani mataimakin kyamara mai suna Brent Hershman ya tashi daga aikin awa 19, ya kama hanyar gida, barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, ya rasu. Haskell Wexler, ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar hoto na ƙasar, ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana kiran a tsaya a awa 12 aiki, awa 12 hutu. Kuma wannan a ƙasar da ma'aikatan kyamara ke da reshensu na musamman, reshe na 600 a ƙungiyar ma'aikatan fim ta IATSE, inda bayan awa 8 ake biyan ɗaya da rabi, bayan awa 12 ninki biyu, kuma in an wuce awa 6 ba a ba da hutun cin abinci ba akwai tara. Duk da haka kamfanoni suna biyan tarar su ci gaba. A Oktoban 2021 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a a kan ba da izinin yajin aiki, sama da kashi 98 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce e. Abin da suka samo har da hutun awa 10 tsakanin rana da rana, da awa 54 a ƙarshen mako. A yarjejeniyar 2024 aka ƙara albashi da kashi 7, sai 4, sai 3.5 a shekaru uku, aka kuma sa ninki uku in rana ta wuce awa 15. Manufar ninki ukun ita ce dogon yini ya yi tsadar da ba wanda zai so ya kai can.

Zainab Mai Kati: A watan Oktoban nan dai na 2021 ne aka harbi Halyna Hutchins bisa kuskure a wurin ɗauka a jihar New Mexico ta Amurka, ta rasu, ita ce shugabar ɗaukar hoton fim ɗin. Abin da mutane ke mantawa shi ne da safiyar ranar wasu daga ma'aikatan kyamararta sun tattara kayansu sun bar aikin, suna kokawa a kan jinkirin biya da masauki mai nisa da rashin tsaro. Inda ake wasa da kuɗin ma'aikata, yawanci ana wasa da sauran abubuwa ma.

Hajiya Balaraba: Zainab, wannan maganar ta yi nauyi. Ba kowane mai jinkirin biya ne mai sakaci da rai ba. Wani lokaci mu ma ba a biya mu ba. Na taɓa jiran cikon kuɗi wata bakwai daga wanda ya sayi shiri, na sayar da motata na sallami ma'aikata.

Zainab Mai Kati: Allah ya saka miki, Hajiya, kuma ban haɗa da ke ba. Amma irinki nawa ne? Ni akwai aikin da na yi shekara biyu ke nan, shirin ya fita, an nuna shi, an gama, rabin kuɗina na can. In na kira sai a ce "ana kai". Ban da takarda ko ɗaya, a waya muka yi magana.

Malam Habu: Akwai wani lissafi da furodusa ba sa yi, ma'aikata ma da yawa ba sa yi. Ana jin kuɗin rana sai a ninka shi da 30 a ce wane ya yi arziki. Wa ke aiki kwana 30 a wata a sana'ar nan? Shekarar da na samu kwana 120 na gode Allah. Kwana 120 su za su ciyar da kwana 365, wato kowace ranar aiki tana ɗauke da rana uku a bayanta. Babu fansho, babu kuɗin hutu, ranar da ka kwanta ciwo babu ko sisi. Ɗan wasa fuskarsa na ƙara daraja in shiri ya karɓu, marubuci da darakta a wasu ƙasashe suna samun wani kaso duk lokacin da aka sake nunawa. Mu da an ce an gama, an gama.

Yakubu: Haka ne, Malam. Ko a Amurka kason da ake warewa daga sake nunawa ba ya shiga aljihun ɗan kyamara, asusun lafiya da fansho na ƙungiya yake tafiya. Kuma sai ka yi awa 400 cikin wata shida kafin inshorar lafiyarka ta ci gaba. Da marubuta da 'yan wasa suka yi yajin aiki a 2023, na marubuta kwana 148, na 'yan wasa kwana 118, ma'aikatan kyamara ba su ne ke yajin ba amma su ma sun zauna a gida. Har nan Ingila abin ya taɓa mu, don manyan ayyukan da yawa kuɗin Amurka ne. Na san waɗanda suka sayar da lens ɗinsu a lokacin.

Sadiq: Duk na ji. Amma ku gaya wa yaron nan abin da zai yi gobe, kar mu bar shi da tarihi. In ya je da dogon sharaɗi za su kira wani.

Auwal Fokas: Za su iya. Amma ba dogo ba ne. Nura, ka tura saƙo a rubuce, cikin ladabi. Ka ce ka gode, kana son aikin. Ka ce fokas za ka ja, kati a nemi wani, ko da ɗan koyo ne da Zainab za ta nuna masa hanya. Ka tambayi awa nawa ce rana da abin da za a biya in an wuce. Ka nemi kwana ɗaya na shiri kafin a fara, a biya ka, don ka gwada kowane lens ka tabbatar lambobin da ke jikinsa sun yi daidai da tef ɗin awo. Ka nemi kafin alƙalami, sauran kuma a riƙa biya duk mako, kar a tara sai ƙarshe.

Hajiya Balaraba: In yaro ya turo min irin wannan saƙon ba zan ji haushi ba, zan ma san ya san aikinsa. Abin da ba na so shi ne a amince da baki, a kai rana ta goma, sannan a ajiye kyamara a ce sai an ƙara. Amma shawarata, kar ka tsaya kai da fata a kan cikakken kuɗin mataimaki na ɗaya a aikinka na farko. Ka nemi tsakiya.

Malam Habu: A nan na ɗan saɓa da Hajiya. In aikin na ɗaya zai yi, kuskuren na ɗaya za a tuhume shi da shi. Amma na san yadda farkon hawa yake, ba zan ce ya ƙi ba. In zai sassauta, ya sassauta a kan kuɗi, kar ya sassauta a kan kati da barci. Kuma ya rubuta a saƙon cewa wannan farashin na wannan aikin ne kaɗai, don kar ya bi shi zuwa na gaba. Wa ne shugaban ɗaukar hoton ma? Shi ya kamata ya yi wannan faɗan, ba yaro ba. Ni ban taɓa yarda a tattauna kuɗina a gama ba tare da na ji na mataimakana ba.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na tura saƙon jiya da daddare kamar yadda Yaya Auwal ya tsara, na kuma kira shugaban ɗaukar hoton, ashe bai ma san an ɗora min kati ba. Yau da rana suka amsa. Sun cire min katin, mataimakin edita zai riƙa zuwa yana kwashewa. Sun yarda da kwanan shiri, da biya duk mako. Kuɗin rana sun ƙara, bai kai na ɗaya ba amma ya wuce rabin tazarar. Ƙarin lokaci ne suka ƙi, sun ce rana awa 12 ce kuma "ba za a wuce ba". Hayar na'urata ma ba su ce komai ba.

Auwal Fokas: Za a wuce. Ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta lokacin da aka kira ku da lokacin da aka tashi, ka sa mai kula da shiri ya gani a ƙarshen mako na farko, tun kafin awannin su taru. Hayar na'ura kuma ka sake tambaya, shiru ba amsa ba ce.

Zainab Mai Kati: Ka ba mataimakin editan lambata ta akwatin sirri, in nuna masa yadda ake tantance kwafi. Kuma ku sayi tef kala biyu, ja ga katin da ba a kwashe ba, kore ga wanda aka gama. Kar katin da ba kore a jikinsa ya koma cikin kyamara, ko wa ya ce ana sauri.

Nura: In sha Allahu, Anti Zainab. Ranar Laraba ne kwanan shirin. Yaya Auwal, lens biyar ne, akwai mai zuƙowa guda ɗaya. Da wanne zan fara gwaji?

Auwal Fokas: Fara da mai zuƙowar, shi ya fi cin lokaci. Zuƙo har ƙarshe ka saita fokas, sannan ka ja baya a hankali ka ga ko ya riƙe. In bai riƙe ba ka kira ni tun kana wurin.